Yaya Wilson da Littattafan Girkin Mama

Yayana Wilson bai taɓa dafa ko ruwan shayi ba. Shekarunsa sittin da bakwai, kuma in ka ajiye masa gero da dawa a faranti ɗaya sai ya ɗauko tabarau kafin ya faɗa maka wanne ne wanne. Amma yau shi ne yake riƙe da duk girke-girken mahaifiyarmu, a cikin tabilet, da lambar sirri. Ni Ladi, ƙanwarsa, da na yi shekara talatin a tsugune gefen murhun Mama, sai ya ga dama nake ganinsu.

A Marama aka haife mu, aka taho da mu Maiduguri muna ƙanana, muka zauna a Gwange. Shi ne ɗan fari kuma shi kaɗai ne namiji, saboda haka ba a aikensa ɗebo ruwa, ba a sa shi hura wuta. Abincinsa a rufe yake zuwa, ya buɗe, ya ci, ya ture kwano da ƙafa. Da ya gama sakandare ya samu aiki a ofishin ajiyar fayil na wata ma'aikata, kuma a ɗakin nan ya yi shekara talatin da biyar, a kujera ɗaya, ƙarƙashin fanka ɗaya. Aikinsa ya buɗe fayil, ya rubuta masa lamba, ya ɗaure shi da zare, ya tura shi cikin kabad. Masu neman ƙarin girma da masu jiran fansho su yi ta sintiri, shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "Fayil ɗinka yana kan hanya."

Wata rana na tambaye shi ko yana tausayin mutanen nan da yake karanta koke-kokensu. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Wa ya ce miki ina karantawa? Ba ruwana da abin da ke ciki. Ni aikina lamba."

Da alfahari ya faɗi haka.

Da ya yi ritaya sai ya kwaso ofishin ya kawo gida. Ya sayi wani tsohon kabad na ƙarfe mai durowa huɗu ya kafa a falo. Ya liƙa wa bokitan gidan lamba. Matarsa, Anti Rahila, baiwar Allah mai haƙuri, ta wayi gari ta tarar da gwangwanin gishirinta ya zama K/3, na barkono K/4. Ba ta ce komai ba. Shekara arba'in ke nan ba ta cewa komai.

Mahaifiyarmu Edith kuwa kuku ce a wata makarantar kwana ta 'yan mata, daga baya ta koma yin abincin biki, sana'ar da nake ci da ita yanzu. Ta yi aji huɗu a makarantar mishan, kuma wannan aji huɗun ta yi amfani da shi fiye da yadda wasu suka yi da digiri. Duk abin da ta koya sai ta rubuta. Littattafan rubutu bakwai ta cika, irin na 'yan firamare: burabusko, sinasir, miyar yakuwa da busasshen kifi, nakiya, ardeb na tsamiya, har da yadda ake haɗa sabulu da turaren wuta da maganin tari. Ba ta san kilo ba. Awonta shi ne "hannuna biyu", "gwangwanin madara", "kwanon Hajja". A gefen shafi kuma, da ƙananan haruffa, sai ta yi bayani: kwanon Hajja gwangwani shida ne; wannan miyar ba ta son kanwa da yawa in yakuwar ta damina ce; wannan Hajja Falmata ce ta koya min, shekarar da aka yi fari. Hajja Falmata maƙwabciyarmu ce, Babarbariya, katanga ɗaya ta raba mu, kuma rabin abin da Mama ta iya ta kan katangar nan ya tsallako.

Mama ta rasu a 2021. Bayan mako ɗaya muka zauna raba ɗan abin da ta bari. Ni ban nemi zane ba, ban nemi tukunya ba, na miƙa hannu ga littattafan. Yaya ya riga ni ɗora nasa.

"Waɗannan takardu ne," in ji shi. "Takardu kuma fannina ne."

"Yaya, ni nake aiki da su. Ko jiya na duba na uku."

"Shi ya sa suka zama haka. Dubi manja a wannan shafin. Dubi nan, kamar an share majina. In na bar miki su, shekara biyu ba za su kai ba."

Kawunmu da ya zo daga Marama ya ce a bar wa babba. Aka bar wa babba.

A lokacin ne 'yarsa Zion, da take aiki a Abuja, ta aiko masa da tabilet, irin babbar wayar nan mai faɗin faranti. Ita nufinta ya riƙa ganin jikokinsa in sun kira. Shi kuwa da ya ji ana iya buɗe folda a ciki, a sa mata suna, a sa wata foldar a cikinta, sai ya ji kamar an mayar da shi bakin aiki. Ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, a zafin watan Afrilu, ya ɗauki littattafan Mama ya nufi shagon wani Madu mai fotokwafi a bakin Kasuwar Kwastam, a yi masa sikanin, wato a ɗauki hoton shafukan a zuba a tabilet.

Abin da ya faru a shagon, Madu da kansa ya ba ni labari, watanni bayan haka, da na je buga katin biki. Ya ce ya ba Yaya shawara a riƙa buɗe littafi a kan na'urar shafi-shafi, ko da zai ɗauki kwana biyu. Yaya ya gwada ɗaya ya ga hoton ya ɗan karkace ta wajen ɗinki, ya ce shi bai taɓa ajiye karkatacciyar takarda ba. Ya zaro reza daga aljihu. Littafi bakwai ya bi yana yanke musu ɗinki, ya tara shafukan a kan benci, sun kusa ɗari huɗu, ba lamba a jikin ko ɗaya domin Mama ba ta sa lamba.

"Anti, wallahi ana cikin haka aka kawo wuta," in ji Madu. "Fankar sama a kunne take ban sani ba. Kafin in kai hannu ga makunni takardu sun cika shago, wasu har bakin kwata."

"To da kuka tsince su, yaya ya gane na gaba da na baya?"

"Ya ce in ba shi wuri. Masu shuɗin biro ya ware gefe, masu baƙi gefe, masu fensir gefe. Ya ce shi ke nan sun koma daidai."

Bai tsaya nan ba. Da ya ga ƙananan rubutun gefe a fuskar kwamfuta, ya tambayi Madu ko ana iya datse su. Madu ya ce ana iyawa, amma me ya sa? Yaya ya ce, "Surutun mata ne. Yana ɓata tsari." Madu ya datse.

Ni duk ban san wannan ba a lokacin. Abin da na sani, Yaya ya yi wata shida yana zaune a baranda da tabilet a cinya, yana lasar yatsa kafin ya shafa gilashin kamar mai buɗe takarda. Ya buɗe folda ya sa mata "Al'amuran Miya". Ya buɗe wata, "Al'amuran Tuwo da Dangoginsa". Akwai "Abin Sha, Mai Zafi" da "Abin Sha, Mai Sanyi", kunun gyaɗa kuma ya shiga duka biyun domin ya ce ya taɓa shansa bayan ya huce. Kowane shafi da lambarsa, EW da layi da wasu haruffa da layi da lamba. Duk shafin da bai gane kansa ba sai ya jefa shi a folda ta ƙarshe, "Daban-daban". Fiye da rabi can suka tafi.

Sau ɗaya tak ya nemi shawarata a duk wata shidan nan. Ya kira ni ina tsakiyar suyar cincin.

"Ladi, sinasir a ƙarƙashin me yake?"

"A ƙarƙashin miya yake, Yaya, in an zuba masa."

Ya ce to, ya kashe waya. A foldar miya ya saka shi.

Ranar da na fara ganin aikin nasa da idona, nakiya aka ba ni in yi ta bikin jikar Hajja Falmata, na so in tabbatar da awon zuma. Na hau keke napep daga gidana na Bulumkutu har Gwange, gidanmu na gado inda yake zaune. Na ce ya ba ni littafi na biyar in duba. Ya ce littattafan asali suna kulle, ba a fito da su, amma zai nuna min kwafi. Ya juya baya ya danna lambar sirri yana kare ta da tafin hannu, kamar mai cirar kuɗi a na'ura. Na miƙa hannu, ya janye.

"Hannunki da maiƙo. Ki karanta daga nan."

Ya ɗauki kusan minti ashirin kafin ya samo nakiyar, a "Daban-daban". Da shafin ya buɗe sai na ga rubutun Mama, irin yadda take jan wutsiyar harafin y ɗin nan. Sai kuma na ga shafin ya yi tas, ba komai a gefe. An rubuta zuma kwanon Hajja rabi, kuma ba ko kalma ɗaya bayan haka, ni kuwa na manta gwangwani nawa ne kwanon.

"Yaya, ina rubutun gefe?"

"Na tsabtace."

"Ka me?"

"Kada ki ɗaga min murya a gidana. Yana nan a takardun asali, ba wanda ya ci shi. Durowar ƙasa, na ɗaure su da zare."

Na roƙe shi. Ni mai jikoki, na durƙusa a kan simintin barandarsa na ce ya ba ni takardun in kai gidana, tunda ya samu abin da yake so a cikin tabilet. Ya ce ba a ajiye takardun asali a gidan ƙanwa. Na tashi na zaga gidan Hajja, ta ɗauko min kwanon nata na gaske na auna da idona.

A watan Satumba na 2024 ruwa ya ci Maiduguri, kowa ya san wannan. Gwange tana cikin unguwannin da abin ya fi muni. Da hantsi na same su a wata makaranta inda mutane suka taru, kowa jiƙe sharkaf. Wata mata 'yar unguwarsu ta ja ni gefe ta faɗa min yadda suka fito. Ruwa har ƙirji, Yaya a gaba, hannu biyu a ka, yana riƙe da tabilet da ya naɗe a leda uku. Anti Rahila a baya, da ciwon gwiwarta, jakar maganinsa na hawan jini a wuya, tana bin katanga da hannu. Wasu mahauta ne suka kama ta suka tsallakar da ita kwata. Shi bai waiwayo ba sai da ya taka busasshiyar ƙasa, kuma ko a nan ledar ya fara kwancewa.

Mako shida suka yi a gidana, inda ko ɗigon ruwa bai shiga ba. Da ruwa ya janye muka je tare muka buɗe gidansu. Makullin kabad ya yi tsatsa, sai da aka kira mai walda ya ɓalle shi. Durowar sama, inda ya ajiye takardun shaidar aikinsa da hotunan bikin ritayarsa, ruwa bai kai ba. Durowar ƙasa kuwa na sa hannu na ɗebo wani abu mai kama da jiƙaƙƙiyar dusa, yana wari, zaren da ya ɗaure su da shi yana lilo a tsakiya. Na zauna a cikin laka na yi kukan da ban yi ba ko ranar jana'iza.

Yaya ya tsaya a kaina, ya gyara tabarau.

"Kin gani ko? Da ban yi sikanin ba, da yanzu babu komai. Da sai ki gode min."

"Da ka ba ni su, da yanzu suna kan gadona a bushe."

"Wannan kuma zato ne."

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta min daɗi: in ba don tabilet ɗin nan ba, da ba zan ƙara ganin rubutun hannun uwata ba. Wannan kam haka ne. Shi ma ya san haka ne, kuma bai bar kowa ya huta ba. Ya faɗa wa fasto, ya faɗa wa mai gyaran famfo, ya faɗa wa ma'aikatan agaji da suka zo rabon bargo, har ɗayansu ya ɗauke shi hoto yana ɗaga tabilet sama.

A watan Disamba cocinmu ta shirya sujadar godiya, aka ce kowane gida ya kawo abinci. Yaya ya miƙe a taron dattawa ya ce gidanmu zai kawo dandarun marigayiya Edith, naman nan da ake rufewa a tukunya da garwashi sama da ƙasa har ya yi laushi, kuma za a dafa shi bisa ga fayil, ba da ka ba. Ya je Kasuwar Shanu da kansa, aka sayar masa da tsohon rago ya dawo yana yabon kansa.

Ranar Asabar da safe muka taru a tsakar gidansa, inda har yanzu ana ganin layin ruwa a bango. Akwai mata huɗu daga zumuntar mata ta coci, da ni, da Anti Rahila. Hajja Falmata ta ji ƙamshin albasa ta kan katanga ta dogaro sandarta ta shigo, shekarunta sun haura tamanin. "Wushe, wushe," ta gaishe mu da Barbarci, aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa. Yaya ya zauna a farar kujerar roba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce kada wadda ta taɓa komai sai ya karanta.

Shafin farko lafiya lau ne. A yanka manya-manya, a wanke, a tsane. A daka citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa, a murje naman, a zuba albasa da man shanu. Muka bi. Ni na koma bakin famfo wanke turmi, sai na ji ya shafa gilashi ya ci gaba.

"Sai a narka sukari gwangwani biyu, a zuba a kai, a juya har ya kama jikinsa."

Anti Rahila ta tsaya da muciya a hannu. "Sukari, Baban Zion?"

"Abin da aka rubuta ke nan. Zuba."

Kafin in ƙaraso ta zuba. Na ce, "Yaya, tsaya, wannan ba..." Ya ɗaga min hannu, ya ƙara murya.

"A sauke, a bari ya sha iska. A yayyafa turare mai kyau. A ɗura a kwalba, a rufe kwana arba'in."

Sai ɗaya daga cikin matan zumunta ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Ta biyu ba ta iya riƙewa ba, ta zauna daɓas a kan buhun gawayi tana dariya har da hawaye. Hajja Falmata ba ta yi dariya ba. Ta karkato da kunnenta mai ji.

"Wilson, ɗana, ragon nan ci za ku yi ko ɗaki za ku turara da shi?"

"Hajja, haka yake a fayil. Shafi na biyu ne, ga lambar nan."

"Ni na koya wa uwarka dandaru, ni na koya mata turaren wuta. Ba rana ɗaya ba, kuma ba a tukunya ɗaya ba. Wannan na turare ne ka karanta."

Ya dubi tabilet. Ya koma shafin baya, ya dawo gaba. Dukansu da shuɗin biro. Na ga kunnuwansa suna motsi, na ce a raina yau dai zai ce ya yi kuskure, ko sau ɗaya a rayuwarsa. Ya yi gyaran murya.

"To, in haka ne, kuskuren daga wajen Mama ne. Ita ba ta jera su daidai ba. Kun san ba ta yi karatu mai zurfi ba."

Dariyar ta tsaya cak. Anti Rahila ce ta ajiye muciya a hankali, ta goge hannu a zane, ta je ta tsaya a gabansa.

"Baban Zion, tashi min daga kujerar nan. Hajja za ta zauna."

Ya dube ta kamar tukunya ce ta yi magana. Ta ci gaba da tsayuwa. Ya tashi, ya rungume tabilet ɗinsa ya shige falo, muka ji ya kunna rediyo.

Muka wanke naman nan ruwa uku, muka sake daka kayan ƙamshi. Hajja tana kan kujera tana nuni da sanda: a jera karare a gindin tukunya kada ya kama, a liƙe bakin murfi da ƙullu, garwashin sama ya fi na ƙasa, kuma tunda ragon ya ga duniya a ƙara masa awa biyu. Ba ta duba komai ba. Da la'asar muka buɗe, naman yana zarewa daga ƙashi da kansa.

Kashegari a coci, da aka zo wajen ba da shaida, Yaya ne na uku. Ya fito da kwat ɗinsa, ya ɗaga tabilet, ya gode wa Allah da ya ba shi hikimar adana gadon mahaifiyarsa, ya ce naman da za a ci yau daga cikin wannan na'ura ya fito. Aka tafa masa. Matan zumunta da ke layin gaba suka sunkuyar da kai suna tsungulin juna. A wajen cin abinci faranti biyu ya ci, yana sakace ya ce da ni gishirin bai kai na Mama ba.

Zion ta zo hutun Kirsimeti ta ji labari. Ta ce ya ba ta tabilet ɗin mu zauna da ita da ni da Hajja, in riƙa karantawa, Hajja tana cike abin da aka datse, ita kuma tana jerawa, kwana uku ya ishe mu. Ya ce zai duba maganar. Ta koma Abuja yana dubawa. Har yau shafin turaren yana nan a bayan na dandaru, da lambarsa, kuma ya ce ba zai matsar da shi ba sai an kawo masa hujja a rubuce.